Na Kai Saƙon Daddawa Abuja

Ran da na yi niyyar tafiya Abuja, na shiga cikin gida da sassafe domin in yi ban kwana da mahaifiyata, sai na iske ta riga ta haɗa saƙo. Ga kuka an daka an tankaɗe, ga busasshiyar kuɓewa, ga kwalbar man shanu, sa'an nan ga wani ƙunshi da ta naɗe a takarda, ta jefa cikin leda, ta ƙara wata ledar a kai, ta ɗaure bakin tamau. Ban tambaya ba, don kuwa hancina ya riga ya ba ni labari. Daddawa ce ta kalwa zalla, wadda wata tsohuwa ke kawo mata daga wani ƙauye bayan Zariya tun muna yara. Ta ce, "Ka kai wa ƙanwarka. An ce a garin nan nasu ko ruwan sha sai an saya, ina za ta ga daddawar kirki?" Na ce, "To, Inna." Na cusa ƙunshin can ƙasan jaka, na danne shi da tufafi, ina tsammani na gama da shi.

Ashe ban gama ba. Daga Kaduna muka shiga ƙaramar mota mu shida ban da direba, rana kuwa ta bazara ce, irin mai narka kwalta. Ba mu kai Tafa ba sai wani mai kwat da ke zaune a gaba ya sauke gilashi, ya waiwayo yana yatsina fuska, ya tambayi direba ko ɓera ya mutu masa a mota. Aka yi dariya. Wata Bayarabiya da ke gefena ta shaƙi iska sau biyu, ta yi murmushi, ta ce da Hausarta mai daɗin ji, "Ba ɓera ba ne, Alhaji, wani ne zai sha miya mai daɗi yau." Ni kuwa da jakar ke kan cinyata sai na kau da kai, na zuba wa daji ido kamar ba da ni ake ba. Har muka wuce Dutsen Zuma, wanda aka sa hotonsa a jikin tsohuwar takardar naira 100, ban ce uffan ba. Abin da ya dame ni daga baya shi ne wannan shirun. Mutum da furfurarsa, a yi wa abin da ya girma da shi ba'a, ya kasa buɗe baki ya ce nasa ne! Wannan kunya ce ta sa kwana taran da na yi a Abuja na yi su ina bin hancina, maimakon in bi idona yadda baƙi suka saba.

Masu karatu sun san yadda aka yi garin. Ran 3 ga Fabrairu, 1976, Janar Murtala Muhammed ya yi wa ƙasa shela cewa za a ɗauke babban birni daga Ikko, bisa shawarar kwamitin da Mai Shari'a Akinola Aguda ya shugabanta. Bayan kwana goma aka kashe shi, bai ga ko tubali guda ba. Gwamnati ba ta tare ba sai ran 12 ga Disamba, 1991, zamanin Janar Ibrahim Babangida. Sunan ma aro ne. Abuja ta asali garin Haɓen Zazzau ce, wadda Abu Ja ya kafa a 1828 bayan jihadi ya fitar da gidansu daga Zariya, ita ce aka sake wa suna Suleja, watau aka ɗauko daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Dalilin zaɓen wurin kuwa shi ne a sami fili a tsakiyar ƙasa wanda ba wata daga cikin manyan kabilun nan uku da za ta bugi ƙirji ta ce nata ne. Shi ya sa aka rubuta a lambar motocin garin cewa nan ce cibiyar haɗin kai.

To, garin da ba na kowa ba, da me hanci zai gane shi? Kowane tsohon gari na ƙasar nan makaho na iya faɗin sunansa. Kasuwar Kurmi ta Kano jima ce da citta da kanumfari. Tudun Wadan Zariya da magariba hayaƙin tsire ne da man ƙosai. Amma na yi yini guda ina zagawa tsakanin Maitama da Asokoro da unguwar ma'aikatun gwamnati, ban ji kome ba sai kwalta da hayaƙin mota da ɗanyar ciyawar da aka aske. Tituna fantama-fantama, itatuwan ado a jere, katangu dogaye, an hana talla. Kyau kam akwai shi, ba ƙarya. Sai dai na ji kamar na shiga ɗakin amaryar da ba ta fara girki ba.

Girkin yana can bayan gari. Akasarin waɗanda ke share ofisoshin nan, da masu buga takardunsu, da direbobi, da malaman makaranta, da yamma sai su kwasa su nufi Kubwa da Nyanya da Karu da Lugbe, wasu har Mararaba a Jihar Nasarawa. Ƙanwata a Kubwa take, cikin wani gidan haya mai sassa takwas, kicin ɗin kowa na duban wani siririn lungu guda. Akwai Ibo, akwai Bayarabe, akwai Igala, akwai Tibi, ga kuma mu. Na isa da la'asar sakaliya, na zauna a bakin lungun bisa kujera, na ga abin da ban gani ba cikin gari. Da aka fara ɗora tukwane, sai iskar lungun ta yi kauri. Manja na ƙauri daga wannan taga, busasshen kifi daga waccan, sa'an nan can daga ƙarshe wani abu ya taso ya doke ni, har sai da na dafe hanci ban sani ba. Ƙanwata ta fashe da dariya, ta ce, "Yaya, ka ji ogiri ke nan. Maƙwabciyata ce ke miyar shuwaka."

Ta ba ni labari cewa shekarar da suka tare, wannan ogiri ya hana ta gaisawa da matar har wata uku. Ita a zatonta wani abu ne ya ruɓe matar ta ƙi zubarwa, don haka ran nan ta ɗaure ta je ta ƙwanƙwasa ƙofa, ta roƙe ta cikin ladabi ta duba kayan miyarta. Matar ta dube ta sama da ƙasa, ta ce ai ita ma ta daɗe tana haƙuri, don duk ran da aka jefa baƙin abin nan cikin miyar kuka, aka bi shi da man shanu, sai ta rufe tagoginta ta kunna fanka. Kowacce ta koma ɗaki tana huci, kowacce ta tabbata ita aka zalunta. Abin nan ne da Hausawa ke cewa daddawa ta yi wa manda gorin baƙi. Haihuwa ce ta shirya su, da naƙuda ta kama ƙanwata da tsakar dare mijinta ba ya gari, matar nan ce ta tada mijinta ya fito da mota.

Wannan ya wuce. Wanda bai wuce ba shi ne na cikin ɗaki. Da ƙanwata ta kwance saƙon Inna, 'ya'yanta uku suka watse kamar an jefa dutse cikin kaji. Babban, ɗan shekara goma sha ɗaya, ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce, "Kawu, don Allah kada a sa a miyar gobe, a makaranta sai a ce rigata na wari." Uwar ta sunkuyar da kai. Ta ce mini yanzu sai ta raba ƙwaya ɗaya biyu, ta cika da dunƙulen magi, in ba haka ba tuwon kwana zai yi. Na buɗe baki zan yi wa yaron faɗa, sai na tuna da kaina cikin mota da jaka bisa cinya, na mai da bakina na rufe.

Kashegari na shiga kasuwar Wuse, bayan kwana biyu kuma, ran Talata, na tafi kasuwar Karmo inda matan ƙauye ke saukar da kaya. A nan baƙo zai fara ganin masu ƙasar. Mu muna ce musu Gwari, su kuwa Gbagyi suke kiran kansu, kuma matansu har yanzu a kafaɗa suke ɗaukar kaya, ba a ka ba. Wuse da Garki da Jabi da Maitama duk sunayen garuruwansu ne kafin a zo da taswira. Mutanen Wuse na asali ma can aka mai da su Sabon Wuse, a kan hanyar Kaduna. Abin mamaki, Bahaushe na yi musu ba'a a baki, amma tumatir da tattasai da albasa duk ya haɗa ya kira su kayan gwari, watau ya shaida da bakinsa wa ke cika masa tukunya.

Layin masu kayan miya shi ne inda na fi daɗewa. A tsawon taku ashirin na ƙirga abin da zai iya raba aure iri biyar. Ga daddawarmu, baƙa, a faffaɗe kamar tafin hannun yaro. Kusa da ita ga iru na Yarabawa, wanda shi ma kalwar nan ce dai, sai dai su ba su busar da shi su mulmula, ɗanye suke sayarwa da gishiri, iri biyu: mai ƙwaya tsaye suna ce masa woro, wanda ya yi laushi ya dame kuma pete. Ga ogiri na Ibo an ƙunsa a ganye an ɗaure, launinsa toka-toka, laushinsa kamar man kaɗe. Da 'ya'yan zurma ake yin sa, waɗanda in mutum ya ci su ɗanye guba ce mai kisa, sai an dafa an bar su sun ruɓa sa'an nan su zama abin miya. Wanda ya fara gano haka, ko yunwa ce ta kai shi ko ƙarfin hali, ya cancanci a jinjina masa. Ga okpehe na Igala da Idoma, daga 'ya'yan ƙirya, itacen nan mai tauri da maƙera ke son gawayinsa. Can gefe kuma, wurin wata Bakatsiniya, ga daddawar batso, wadda ake yi da gurguzu, watau 'ya'yan yakuwa, ita ce ta talakan Katsina da Sakkwato da Maraɗi, kuma duk cikinsu ba wadda ta kai ta cika wuri.

Na tsaya ina kallon masu saye, na lura da abu guda. Mace za ta zo ta ɗauki nata ta kai hanci, ta lumshe ido kamar mai shaƙar turaren wuta, ta ajiye ta ɗauki wani, tana neman wanda ya fi ƙarfi. Da ta matsa taku biyu gaban na wata kabila, sai ta ja gyale ta toshe hanci ta wuce da sauri. Ba ɗaya ba, ba biyu ba. Haka kuma abin yake a sauran layuka. Wani saurayi ɗan Kudu ya tsaya gaban tiren soyayyar fara yana kallon mai ci kamar ya ga maye, alhali a hannunsa leda ce cike da dodon koɗi, wanda ni ko da kuɗi aka haɗa ni ba na kai shi baki. Ga kifin nan busasshe mai tauri kamar itace da ake kawowa daga Norway, wanda Ibo ke kira okporoko, ana yanka shi da zarto. Ya ratso teku tun daga ƙasar ƙanƙara, ya zama na gida a miyar Kudu, mu kuwa har yau baƙo ne. A duk Abuja abu ɗaya na ga kowa ya yarda da shi ba gardama, shi ne kilishin Area 1, inda za ka ga mai rawani da mai jar hula da mai kwat sun yi layi ɗaya.

Mai sayar da okpehe, wata dattijuwa 'yar Igala da ta iya Hausa kamar jakar Kano, ta ga ina ta sunsune-sunsune ba na saye. Ta ce, "Malam, kai ɗan jarida ne ko ma'aikacin tsabta?" Na ce, "Mama, baƙo ne mai tambaya." Ta ce, "To, tambayi miya, kada ka tambayi hanci." Gaskiyarta. Mu ma muna da ita cewa hanci bai san daɗin gishiri ba.

Masana kimiyya sun bi diddigin abin, kuma amsar da suka samo ta isa ta ba matan lungun Kubwa kunya. Daddawa da iru da ogiri da okpehe da batso, duk ma'aikaci guda ke yin su. Wata ƙwayar halitta ce da ido ba ya gani, sunanta a littattafansu Bacillus subtilis, ita da danginta. In ta sami dafaffen iri mai ɗumi a rufe, sai ta shiga farfasa sinadarin gina jiki da ke cikinsa. Daga wannan farfasawa abu biyu ke fita. Ɗaya iska ce mai hawa ka, amoniya, irin wadda kan tashi daga turken dabbobi. Ita ce warin. Ɗayan kuma gulutamet, shi ne ke ba miya zaƙin nan mai kama da na nama wanda ke sa a side kwano. Ba a samun na biyu ta wannan hanya sai an haƙura da na farko. Kusan kashi ɗaya cikin uku na daddawa abinci ne mai gina jiki, don haka gidan da ba a ga nama ba sai Salla, ita ce ta riƙe 'ya'yansa shekara da shekaru ba tare da an gode mata ba.

Wannan ƙwaya ba ta san iyakar ƙasa ba. Ita ce ke yin sumbala a Mali da Burkina Faso, da netetu a Sanigal. Ita ce a Japan ke ruɓar da waken suya ya zama natto, mai yauƙi kamar kuɓewa, wanda suke karya kumallo da shi, kuma ko a can mutanen yammacin ƙasar, wajen Osaka, an san su da yatsina masa fuska. Sauran duniya ma kowa da tasa. A Sudan da Cadi ganyen tafasa suke dakawa su binne cikin tulu har ya ruɓa, su kira shi kawal. Mutanen Suwidin na da wani kifin gwangwani da ba a buɗe shi cikin ɗaki sai a fili. A Singafo akwai ɗan itacen da ake kira duriyan, suna ji da shi kamar zuma, amma doka ta hana shiga jirgin ƙasa da shi. Duk waɗannan ƙasashe suna da jakadu ko 'yan kasuwa masu shiga da fita Abuja, kuma na tabbata a bayan dogayen katangun Maitama akwai mai buɗe ƙunshin da uwarsa ta aiko, yana leƙen taga kada maƙwabci ya ji.

Kakannin namu sun riga masana kimiyya yanke hukunci, sai dai su a tatsuniya suka yanke. Kakata takan yi mana ta ƙasar da kayan miya suka zama 'yan mata. Gishiri da Barkono da Albasa da Daddawa suka ci ado za su neman wani kyakkyawan saurayi, wanda ba zai auri kowa ba sai wadda ta san sunansa. Daddawar Batso ta ce za ta bi su, suka kore ta, wai warinta zai ɓata musu tafiya. Har 'yar uwarta Daddawa ba ta tsaya mata ba. Ta riƙa binsu daga nesa. A bakin rafi suka iske tsohuwa na wanka, ta roƙi a cuɗa mata baya, kowacce ta wuce tana taƙama. Batso ta tsaya ta cuɗa, tsohuwa ta raɗa mata sunan, Daskin-da-Riɗi. Da aka isa, masu ƙamshi duk aka mai da su, wadda aka kora ta shige ɗaki, sauran suka zama barorinta. Tatsuniyar tsohuwa ce ƙwarai, tana cikin waɗanda Malam Shaihu ya rubuta da ajami, Baturen nan Rattray ya buga a 1913. Da muna yara darasin ladabi muka ɗauka a ciki. Yanzu da na tsaya a layin Karmo na ga har da wani abu: waɗanda suka ƙaga ta masu girki ne, sun san wa ke riƙe da miya in an rufe tukunya.

Amma Batso ta zamanin nan ta gamu da kishiyar da ba ta cikin tatsuniya. A 1908 wani masani a Tokyo, Kikunae Ikeda, ya ware gulutamet daga ciyawar teku, daga nan aka sami Ajinomoto, wanda matanmu ke kira farin magi. A shekarar nan dai kamfanin Julius Maggi na Suwizalan ya fito da dunƙulensa. Watau an sami hanyar kawo zaƙin ba tare da warin ba, an naɗe shi a takarda mai ƙyalli, ba ya ɓata riga, ba ya sa a rufe taga. Ba na ganin laifin matar da ta tashi da asuba ta bi cunkoson Kubwa zuwa ofis ta dawo bayan magariba, in ta murmushe dunƙule biyu ta huta. Sai dai a san abin da aka saya. Akasarinsa gishiri ne, ba ya maye gurbin nama a jikin yaro, kuma kuɗinsa masana'anta yake tafiya, alhali na daddawa hannun wata tsohuwa yake faɗawa a ƙauye.

Don in ga tsohuwar nan da idona, na hau hanyar Lokoja, na wuce Gwagwalada, na sauka wani ƙauye a ƙasar Kwali, mahaifar Ladi Kwali maginiyar tukwane da ke jikin takardar naira 20. Wani malamin makaranta ya kai ni gidan wata dattijuwa da ke sana'ar tun tana budurwa. Na iske ta a rana ta biyu ta aiki. Jiya ta kwana tana dafa kalwa cikin wata babbar tukunya, tana ƙara ruwa tana tura itace, don ɓawon kalwa ba ya sakin jiki sai ya sha wuta sa'a goma sha biyu ko fiye. Yau ta zuba a turmi da ɗan yashi ta sussuka, ta kai rafi ta wanke, ɓawo ya taso sama ta kwashe, ta tsince waɗanda suka ƙi, ɗaya bayan ɗaya. Ta sake dafawa, ta tsiyaye, ta juye da zafinta cikin ƙwarya da aka shimfiɗa wa ganye, ta rufe da buhu, ta kai ƙuryar ɗaki. Ta ce kwana uku ba mai buɗewa, ba mai ɗagawa. Sai ran da wari ya fito tsakar gida da kansa ya yi sallama, sa'an nan a daka, a mulmula, a shanya. Na ce, "Inna, ba ya damunki?" Ta ce, "Ɗana, ran da ban ji shi ba ne hankalina ke tashi, don na san kalwata ta lalace."

Kukanta ba na wari ba ne, na itace ne. Ta nuna mini gonar da ke bayan gida, inda ɗorawa huɗu ke tsaye da inuwarsu mai faɗi, ta ce da can ba ta iya ƙirga na wannan fage. Manomi ba ya sare ɗorawa in yana share gona, wannan tsohuwar ƙa'ida ce daga nan har ƙasar Hausa, inda akan gaji itacen kamar yadda ake gadon gida. Unguwar Ɗorayi ta Kano ma daga gare ta ta sami suna. Yara su sha garin, a yi daɓe da shafe da makuba, mata su ɗauki kalwa. Amma mai sayen fili don ya gina rukunin gidaje ba manomi ba ne, katafila yake turowa, ita kuwa ba ta san ƙa'ida ba. Abin da ya tsira daga katafila sai masu gawayi su bi shi, ga buhunansu nan jere a bakin titi suna jiran motocin birni. Ɗorawa kuwa sai ta kusan shekara goma kafin ta fara 'ya'ya. Saboda haka kalwa ta yi tsada, mata da yawa sun koma waken suya, wanda ya fi saurin dahuwa ya fi araha. Dattijuwar ta ce ita ma takan yi na waken in an matsa mata, amma ba ta ci. 'Ya'yanta mata uku, ba wadda ta koyi sana'ar. Biyu na aikin shara a wani rukunin gidaje da aka gina kan tsohuwar gonar wani ƙauye.

A littattafan masana sunan ɗorawa Parkia, wani masanin tsirrai Robert Brown ya raɗa mata a 1826 don tunawa da Mungo Park, Baturen da ya halaka a Bussa a 1806. Baƙo ya wuce ta ƙarƙashin itace sau ɗaya an ba shi sunanta, masu kwana gaban tukunya kuwa ko a rijistar masu biyan diyya da wuya a ga nasu.

Daren da zan bar Kubwa, maƙwabciyar ƙanwata ta ji labarin yawon da nake yi, sai ga 'yarta da kwano a rufe, wai a ba Kawu ya ɗanɗana. Miyar shuwaka ce da ogiri da okporoko, ga sakwara a gefe. Yaran gidan suka kewaye ni suna jiran su ga abin dariya. Na tambaya aka tabbatar mini naman na mahaucin Bahaushe ne, na yi bisimilla. Ba zan yi wa masu karatu ƙarya ba, lomar farko da ƙyar ta wuce, don hancina ya riga ya kai ƙara. Ta biyu na ji ɗacin shuwaka. A ta uku sai na ji wani abu can ƙarƙashi wanda na sani tun ina goye, zaƙin nan na miyar Inna, ya sake riga kawai. Na cinye, ban side kwano ba dai, don kada a ce na yi zari. Babban yaron da ya ga haka ya ce shi ma gobe a sa masa daddawar Kaka, amma kaɗan, kuma ran Asabar, da ba makaranta.

Da safe matar ta kawo mini ƙunshi biyu na ogiri a ganye, ta ce a kai wa Mama tukuicin daddawa, don ashe ƙanwata ta ɗiba mata. A mota na riƙe jakar bisa cinya kamar da. Wajen Sabon Wuse wani ya fara sunsuna yana waige-waige, na ce masa, "Nawa ne, Malam, kayan miya ne," ya ce to Allah ya sauwaƙe, ya sauke gilashi.

Na isa Zariya bayan la'asar, na miƙa wa Inna saƙo. Ta kwance ganyen, ta kai hanci, ta yi salati da ƙarfi, ta ce a fitar mata da shi daga ɗaki a rataye can jikin rumbu. Na fitar. Ina cikin alwalar magariba sai na hange ta ta nufi rumbun da sandarta, ta sake kwance ganyen, ta lakata da ɗan yatsa ta taɓa a harshe, ta yi shiru. Can ta ɗaga murya ta ce, "Kai, wannan kwana nawa suke bari a rufe?"